Daga Kan Goron Dutse: Wa Zai Ɗauko Mana Dazukanmu?

 

Maganar yau wani yaro ne ya jawo ta, ɗan ƙanwata, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare. Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida nan Gwale a birnin Kano, sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba ka gani." Ina karɓa sai ga ni a tsakiyar daji, ga giwaye a bakin wani kogi mai yashi. Ya ce in sa yatsa in ja hoton. Na ja hagu, hoton ya juya, ga itatuwa. Na ja sama, ga sararin samaniya. Na taɓa wata 'yar kibiya, sai na matsa gaba kamar mai takawa da ƙafa. Na ce ina ne nan? Ya ce Samburu, a ƙasar Kenya. Na ce madalla, to nuna mini dajin Falgore. Ya rubuta, ya lalaba, abin da muka samu bai wuce wani koren tabo a taswira da 'yan hotuna jefi-jefi ba. Na ce to Goron Dutse fa, ga shi nan muna hangensa? Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai ban taɓa hawa ba."

Jama'a, yaron nan ya san hanyar da giwayen Kenya suke bi su sha ruwa, amma dutsen da ke tsaye a kan unguwarsu bai san yadda gari yake ba daga samansa. Ban ga laifinsa ba. Abin da aka ajiye masa a waya shi ya gani. Mu ne ba mu ajiye komai ba.

Bari in fara bayyana abin da ake nufi, don wanda bai taɓa gani ba. Yawon buɗe ido ne ta waya ko kwamfuta, kana zaune a ɗakinka. Kyamarar da aka fi yin aikin da ita yanzu ba ta fi tafin hannu ba. Idanu biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne ya kumburo kamar idon kifi, kowanne yana kwashe rabin abin da ke kewaye. Manhaja ce take ɗinke rabi da rabi su zama hoto ɗaya mai zagaye, digiri 360, sama da ƙasa, gabas da yamma. Mai ɗauka sai ya ɗora ta a kan sanda ta ɗara kansa, ya yi ta tafiya, duk bayan 'yan taku ta ɗauki guda, tana liƙa wa kowane hoto lambar wurin da aka ɗauke shi ta hanyar tauraron ɗan'adam. Idan aka jera hotunan bi-da-bi, mai kallo sai ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan, kamar shi ne yake bin turbar. Ana iya ɗora murya a kai, ana iya sa alama a jikin itace ko dutse, wanda ya taɓa alamar bayani ya fito masa. Iyakar dabarar ke nan. Duk wanda ya iya ɗaukar bidiyon biki ya tace shi, zai koyi wannan a 'yan kwanaki.

Kuma kada a ɗauka tunanin sabo ne a Kano. A farkon shekarar 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya shigo birnin nan. Ya hau Dutsen Dala ya zauna ya zana garin da ke shimfiɗe a gabansa: gidajen ƙasa, bukkoki, itatuwan dabino. Da ya koma gida aka buga labarin tafiyarsa cikin littattafai biyar a 1857 da 1858, da zanen a ciki, mutanen Jamus da Ingila da ba su taɓa taka Afirka ba suka ga Kano daga kan Dala suna zaune a kujerunsu. Yau sama da shekara 170 ke nan, kuma duk mai son ya kwatanta kamannin Kano kafin zuwan Turawa a 1903, wannan zane yana cikin abin da yake komawa gare shi. Baƙo ne ya yi mana, da fensir. Mu da muke da kyamara a aljihun kusan kowane saurayi, me muka tanadar wa wanda zai zo bayan shekara 170?

Wasu ƙasashen sun yi nisa. Kamfanin Google ya fara nuna tituna ta wannan hanya a 2007, daga baya ya ƙera wata kyamara da ake goyawa a baya kamar jakar ɗan makaranta, don shiga inda mota ba ta zuwa. A 2014 aka shiga da ita dajin Gombe, ba Gombenmu ba, wani gandun daji ne a Tanzaniya inda Jane Goodall ta yi shekaru tana nazarin birai. A 2015 aka ɗauki Samburu da yaron nan ya nuna mini, tare da wata ƙungiya mai kare giwaye. Wanda ya fi burge ni shi ne na Afirka ta Kudu: a 2017 'yan sa-kai sama da 200 suka riƙa karɓa-karɓar goyon kyamara, suka bi turbobi 170, suka ɗauki manyan gandun dajin ƙasar guda 19 kakaf. A cikinsu akwai masu gadin daji da masu yi wa baƙi jagora, wato mutanen da suka san wurin. Sai kuma wani ɗan Zimbabwe mai suna Tawanda Kanhema, mazaunin Amurka, da ya nemi garinsu a wannan taswira bai gani ba. A 2018 ya ari kyamara, ya kashe kimanin dala 5,000 daga aljihunsa, ya je ya ɗauki titunan ƙasarsu da mafaɗar ruwan Biktoriya da kufan tsohon birnin duwatsu na Zimbabwe. Bai jira gwamnati ba.

A Najeriya ma an taɓa. An fara da titunan Legas a 2017, aka ƙara da wurare irin su Dutsen Olumo na Abeokuta da gandun Lekki. To mu a nan Arewa ba mu da abin nunawa ne?

Muna da shi, har ya yi yawa. Akwai Yankari a Bauchi, da aka keɓe a 1956, mai giwaye da ɓauna da gwanki, da maɓuɓɓugar Wikki da ruwanta ke fitowa da ɗumi rani da damina. Akwai Gashaka-Gumti tsakanin Taraba da Adamawa, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Najeriya, a can ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Akwai tsaunin Mambila da sanyinsa da shanunsa da gonakin shayi. Akwai Sukur a Madagali, garin kan dutse mai matakalar duwatsu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999. Akwai fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye suke tasowa tun daga Turai su yi hunturu. Idan ka ƙetara Nijar, ga raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, waɗanda a tsakiyar shekarun 1990 ba su wuce kimanin 50 ba, aka tsaya musu har suka haura 600, a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Ga duwatsun Ayar a ƙasar Agadas.

Amma ni yau a kan namu na Kano nake so in tsaya, wato Falgore. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce daga birni, a kan hanyar Jos, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya tasar wa murabba'in kilomita 1,000. Tun shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi da sunan dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Bayansa ga duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Mutumin Gwale zai ce, to ina ruwana da dajin Doguwa? Wallahi da ruwanka, kuma ruwan gaske nake nufi. Kogin Kano ta cikin dajin nan yake ratsowa ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako. Daga Tiga ake shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura, daga kogin nan matatar Tamburawa take jan ruwan da ake turo wa birni. Itacen da aka sare a Falgore, ƙasar da yake riƙewa ruwan sama zai kwashe ta ya kai cikin dam, dam ya riƙa cikewa da laka. Tumatirin miyarka yana da alaƙa da wannan itace, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Nawa ne a cikinmu suka taɓa sauka daga mota a Falgore? Yawancinmu addu'a muke yi direba ya taka wuta mu fita lafiya. Shekaru da dama sunan dajin bai fito a labarai ba sai tare da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Kamuku a Birnin Gwari haka. Kure ma, a watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu da suka je kallon raƙuman dawa. Wane shugaban makaranta ne zai cika mota da 'ya'yan mutane ya nufi irin waɗannan wurare? Ko da lafiya lau, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana. Ga tsofaffi da ƙafa ta gaza, ga masu lalurar da ba za su iya hawan dutse ba, ga iyayenmu mata da yawancinsu ba su da hanyar irin wannan tafiya. Waɗannan duka suna da haƙƙin su ga ƙasar da Allah Ya ba su. Mutum biyar da suka shirya, da rakiyar masu gadin daji, za su iya shiga su ɗauko wa miliyoyi.

Na san abin da wani dattijo zai ce yanzu a gaban rediyonsa: hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gaskiya ne, Baba. Hoto ba ya kawo ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ba ya sa ka haki a kan hawa, ba ya sa gabanka ya faɗi idan ciyawa ta motsa. Ban ce ya maye gurbin zuwa ba. Amma fataken da suka yi wannan karin magana, idan suka hango Dala daga nesa ba juyawa suke yi ba, ƙara sauri suke yi. Yaron da ya ga Wikki a waya shi ne zai dami ubansa a kai shi. Wanda bai taɓa ganin wuri ba kuwa, ranar da aka ce an yanka shi filoti ko an mayar da shi gawayi, ko a jikinsa.

Ga kuma inda nake so a saurare ni da kyau, don shi ne zuciyar maganar. Idan ka ɗauki kyamara ka shiga daji ba tare da wanda ya san shi ba, abin da za ka dawo da shi kore ne kawai, itace bayan itace, babu mai suna. Amma ka shiga da tsohon maharbi, ko Bafulatanin da ya tashi yana kiwo a gefen wurin, ko mai ɗaura amya, ko mai sassaƙe-sassaƙen magani, ka ji yadda dajin zai buɗe baki. Zai ce maka wannan doka ce, ita ta fi yawa a nan. Wancan maje ne, ƙaronsa ake turare da shi. Ga kirya, da ita ake sassaƙa turmi, gawayinta maƙera suke nema. Ga marke, ga maɗaci mai ɗacin ɓawo, ga kawo, ga taura, ga tsada, ga ɗinya da ake maɗi da 'ya'yanta. Ga kaɗanya uwar man kaɗe, ga ɗorawa uwar kalwa da daddawa. Ga madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Yammacin Afirka ana lodin gungumenta zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa wa cinikinta takunkumi a duniya. Zai sunkuya ya nuna maka sawu a laka ya ce wannan gada ce, wannan mugun dawa ne, kuma da asuba ya wuce. Zai bambance maka gwanki da kanki, mariya da gwambaza. Zai ce maka sunan wancan dutse, da dalilin sunan, da wanda ya taɓa ɓuya a kogonsa zamanin yaƙe-yaƙe.

Ku gwada a gida yau da dare. Ku kira yaranku ku lissafa musu waɗannan sunaye ku ga nawa za su gane. Sun san zaki da giwa, don sun gani a katun da kuma gidan zu na Audu Bako. Amma gidan zu dabba yake nuna maka a keji, ba ya nuna maka gidanta. Sunayen nan suna mutuwa ne tare da tsofaffin da suka riƙe su. Tun a 1916 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Dalziel ya ga darajarsu, ya tattara ƙamus guda na sunayen tsirrai da Hausa. Shi takarda kaɗai gare shi. Mu yau muna iya haɗa sunan da hoton itacen a tsaye a inda ya tsiro, da muryar dattijon da ya san shi, da bakinsa, da karin harshensa. Idan baƙo ya zo ya yi mana aikin, zai yi shi da kyau, amma sunan Latin zai liƙa, da bayanin Turanci. Hajiya da ke Mandawari ba za ta ƙaru da komai ba. Don haka nake cewa aikin namu ne, kuma da Hausa za a yi shi, a ƙara Fulatanci inda mai bayani Bafulatani ne, sannan a fassara wa baƙi.

Mu 'yan rediyo mun san darajar sauti, don haka ina roƙon duk wanda zai yi wannan aiki kada ya danne hoton da kiɗan fim. A bar daji ya yi maganarsa. A kafa makirfo da asuba a ɗauki kukan makwarwa da kurciya da gunjin burtu, da ƙarar ruwa a kan dutse. Makaho ma ya samu rabonsa.

Sannan a riƙa komawa. Wuri ɗaya, a tsaya a kan dutse ɗaya, a ɗauka da damina, a ɗauka da kaka, a ɗauka da bazara bayan gobarar daji. Baɗi a sake. A nan ne abin yake tashi daga kallo ya koma shaida. Kullum muna ganin motocin itace da buhunan gawayi suna shigowa birni, kowa ya san daga daji suke, amma idan ka ce daji yana ƙarewa sai a ce ina hujja. Hoton wuri guda na bana da na shekara biyar masu zuwa, a ajiye su gefe da gefe, ba ya buƙatar lauya.

To daga ina za a fara? Ni dai ban ce a fara da Falgore ba. A fara daga nan Gwale. A hau Goron Dutse, tagwayen Dala, a tsaya a ɗauki birni ta kowace kusurwa. A sauko a bi abin da ya rage na ganuwa, daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, zuwa Dukawuya, zuwa Kabuga. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a amince da su. Duk wanda ya haura shekara 50 a unguwannin nan ya san tsayin da take da shi yana yaro, ya kuma san abin da ya rage. Ruwan sama ya ci, masu ɗibar ƙasa sun ci, gine-gine sun ci. Kududdufan da muka sani muna yara, da yawa yau shaguna ne. Abin da ya saura a bana, ba lalle ya kai baɗi ba. Wannan aiki ba ya buƙatar rakiyar soja ko kuɗin mota. Wanda ya ƙware a nan, ya iya riƙe sanda ba ta rawa, ya iya zama da dattijo ya saurare shi, shi ne zai iya zuwa duwatsun Rano da Rurum, daga nan Riruwai da Falgore.

Amma akwai ladabi, kuma a birni irin namu ba ƙaramin abu ba ne. Daga kan Goron Dutse ana hango tsakar gidajen mutane. Gidan Bahaushe an gina shi ne da zaure da katanga don sutura, ba a gina shi da tunanin ido zai zo ta sama ba. Manhajar Google tana dusashe fuskoki da lambar mota da kanta, amma ba ta san mene ne tsakar gida ba, ba ta san matan aure suna aikinsu a can ba mayafi ba. Mai ɗauka ne zai sani. A sanar da mai unguwa kafin a hau, a dubi kowane hoto kafin a ɗora, abin da ya shiga gidan mutane a goge shi. A wajen akwai tankunan ruwa da gidan gyaran hali, ba a nuna musu kyamara sai da izini. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da samari suke tashi da shi a wurin biki, a sani tun 2016 doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A daji kuma ladabin wani ne: lambar wurin da take manne da hoto, ita ce za ta iya kai mafaraucin hauren giwa inda garke yake kwana. Hoton dabbar da ake farauta a cire masa lambar wuri, kuma kada a ɗora shi ranar da aka ɗauka.

Sai maganar data, wadda kowa yake kuka da ita, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Bidiyo mai zagaye yana shan data kamar rairayi da ruwa. Idan aka yi abin da sai mai hali zai iya buɗewa, an yi aikin banza. A fi ba da ƙarfi ga hotuna marasa nauyi da murya. A yi kwafin da ba ya buƙatar intanet, a zuba a memori, a kai wa masu tura fina-finai a waya da ke kowace unguwa, su da suka iya yaɗa fim a gari cikin kwana ɗaya. A sa a kwamfutar makaranta, ko guda ɗaya ce, malamin labarin ƙasa ya tara ɗalibai su shiga Falgore tare. A ajiye allo a Gidan Makama, baƙon da ya zo kallon kayan tarihi ya ga dazukan jihar kafin ya fita.

Kuma kada a damƙa wa kamfani ɗaya amanar ajiya. Google da kansa yana da wata manhaja da malaman makaranta a duniya suka riƙa haɗa irin wannan yawo da ita, a 2021 ya rufe ta. Kamfani kasuwa yake bi. A ɗora a can don duniya ta gani, amma asalin hotunan da muryoyin a ajiye kwafinsu a gida, a ɗakin karatun jami'a, a Gidan Ɗan Hausa, a kuma sa wasu a rumbun Wikimedia inda matasanmu masu rubuta Wikipedia ta Hausa za su same su kyauta.

Ma'aikatan kuwa muna da su. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a ƙasar Gwale take. Jami'ar tana da masana labarin ƙasa, da masana tsirrai da dabbobi, da tsangayar sadarwa, da cibiyar nazarin harsunan Najeriya. Ɗalibai nawa ne suke neman abin da za su yi aikin kammala digiri a kansa duk shekara? Ga masu ɗaukar hoto da masu tace fim na Kannywood, waɗanda suka daɗe suna zuwa Tiga da bakin duwatsu ɗaukar waƙa, sun san haske, sun san sauti. Ga masu gadin daji da suke kwana a can, waɗanda ba a cika tambayarsu abin da suka sani ba. Abin da ya rage a haɗa su a mota ɗaya. Kuɗin kyamarar bai kai na wata babbar wayar da muke gani a hannun samari ba. Attajiri ɗaya a Kantin Kwari ko Singa zai iya sayen biyar bai ji a jikinsa ba, kuma ina ganin ilimin da za a bari a baya yana cikin abin da ake fatan ladansa ya ɗore.

Lokacin ɗauka mafi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, ciyawa tana kore, rafuka da ruwa, sama garau kafin hazon hunturu ya sauko ya rufe nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mai niyya yanzu zai fara neman izini da abokan aiki.

Kirana na ƙarshe ga iyayenmu ne, tsofaffin maharba da makiyaya da masu magani da ke saurarenmu a Doguwa da Tudun Wada da Sumaila da Rano, da dattawan cikin birni da suka san sunan kowace kududdufa da kowane lungu na ganuwa. Idan yaro ya zo muku da kyamara a kan sanda ya yi sallama ya durƙusa ya ce a faɗa masa sunan itacen nan, don Allah kada ku kore shi. Ku zaunar da shi ku faɗa masa, ku sa ya maimaita har ya faɗa daidai. Ku kuma samarin Gwale, ga Goron Dutse nan a bayan gidajenku, ku nemi izinin mai unguwa ku hau.